Harshen da Aka Bari a Bakin Ƙofa

Gadarif gari ne a gabashin ƙasar Sudan, ba nisa da iyakar Habasha. Ƙasarsa baƙar laka ce. Da rani takan dare har ƙafar jaki ta faɗa, da damina kuma ta kama takalmin mutum ta ƙi saki. Tun shekarun 1940, zamanin mulkin Turawan Ingila, aka fara noman dawa da tarakta a wannan yanki, har mutane suka riƙa kiransa rumbun Sudan. Bayan dawa, abin da garin ya yi suna da shi shi ne riɗi. Idan kaka ta yi, wajen watan Oktoba da Nuwamba, ma'aikata sukan cika gonaki, da yawansu daga Habasha, suna yanka cikin hanzari, gama riɗi ba ya jiran kowa: in ya bushe a tsaye sai ya fashe ya zube. Daga gona a kai shi kasuwar amfanin gona, a yi gwanjonsa, a auna da kantar, wato wajen kilo 45, sa'an nan manyan motoci su kwashe zuwa Bur Sudan, bakin Bahar Maliya.

Riɗin nan ne ya kai wani Bahaushe Kirista garin. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi, ɗan ikkilisiyar ECWA tun yana yaro. Ya yi shekaru a kasuwar Dawanau ta Kano yana yi wa waɗansu Indiyawa aikin duba riɗi. In ya damƙi hannu ɗaya ya murza, zai faɗi ko akwai yashi, ko danshi, ko an gauraya sabo da tsoho. Da suka ga amincinsa, sai suka tura shi Gadarif, ya tafi da matarsa da 'ya'yansa uku.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne, ranar da ya shiga kasuwa ya ji Hausa tana tashi ta kowane gefe. Ga mai tura amalanke, ga mai sayar da ruwa a keken jaki, ga mai gashin nama yana barbaɗa ƙuli da yaji. Naman nan ma duk Sudan agashe ake kiransa, sunan kuwa daga bakin Hausawa ya fito. Waɗannan mutane jikokin alhazai ne da suka taso a ƙafa daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka bi ta Barno da Wadai da Darfur, suna nufin Makka. Waɗansu guzuri ya ƙare musu suka tsaya neman na gaba, tsayawar kuwa ta zama zama. Waɗansu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zo, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har suka kafa gari kusa da Sinnar, wanda har yau ake kira da sunansa. Guminsu yana cikin audugar Jazira da dawar Gadarif.

Amma bai daɗe ba ya gane abu na biyu. Mutanen ƙasar suna haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare su kira su duka Fallata, a bakin waɗansu kuwa kalmar ba ta yabo ba ce. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, wannan ya sa iyalai da yawa da aka haifa a can suka daɗe ana duban su kamar baƙi. Mutumin nan ya lura cewa idan ya shiga ofis ya yi Turanci, sai a ba shi kujera da shayi, a ce ga gwani daga Nijeriya. Idan kuwa aka ji shi yana Hausa da masu dako, sai fuskar mai ofis ta sake. Ba wanda ya ce masa ya daina. Shi da kansa ya fara ajiye Hausarsa a gida, kamar tsohuwar riga da ba a fita da ita.

Ba sabon abu ba ne a gare shi ya ɓoye wani gefe na kansa. A Kano, sa'ad da ya faɗi sunansa na baftisma, sau da yawa akan tambaye shi, "To, amma asali kai wane yare ne?" domin mutane da yawa ba su yarda Bahaushe yakan zama Kirista ba. Saboda haka a can ya saba yin shiru a kan bangaskiyarsa, a nan kuma ya koyi yin shiru a kan harshensa. Ranar Lahadi da yamma, gama Lahadi ranar aiki ce a Sudan, yakan tafi sujada tare da 'yan'uwa Nuba, a yi waƙa da wa'azi cikin Larabci. Yana ba da baiko, ba ya sha, ba ya cin amanar masu gidansa. Kowa ya gan shi zai ce ga dattijon kirki, ba kuwa za a yi ƙarya ba.

A shekara ta 2022 mahaifiyarsa ta zo musu ziyara. Tsohuwa ce da ba ta yi makaranta ba, amma shekaru arba'in na Zumuntar Mata sun cika kanta da Littafi Mai Tsarki. Tun da shi ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Kai" take ce masa, ko "wannan yaron", ko da yake furfura ta fara fito masa. Gadarif ta yi mata daɗi fiye da yadda ya zata. Kafin mako biyu ta san matan kasuwa masu ƙosai da masu dama gero da nono. Da suka kira ta Hajiya, ta ce musu ita mai bin Yesu ce, su kira ta Inna. Suka yi salati, suka yi dariya, suka ci gaba da ciniki.

Shekarar ba ta yi wa Hausawan Sudan kyau ba. A watan Yuli rikici ya tashi a kan ƙasar noma a jihar Shuɗin Nilu, aka kashe mutane fiye da 100, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum. A watan Oktoba kuma aka sake zubar da jini. Don haka sa'ad da ya shirya kai tsohuwar Hartum a watan Disamba domin a duba mata yanar ido, zuciyarsa ba a kwance take ba.

Tafiyar ta fi kilomita 400, ta Wad Madani. Da aka gama da likita, sai ya ce zai yi wa iyalin abin da bai taɓa yi ba. Cinikin riɗi ya yi kyau, an ba shi lada, Kirsimati kuma ta kusa. Mai gidansa ya sha yi masa labarin wani babban gidan cin abinci na Indiyawa a unguwar masu hali. Indiyawa ba baƙi ba ne a Sudan. 'Yan kasuwar Gujarat sun fi shekara 100 suna da kantunan yadi a Sawakin da Omdurman da Kasala da Gadarif kanta, har ma Ba'indiye ne, Sukumar Sen, ya shugabanci hukumar zaɓen ƙasar a 1953. Amma wannan gida ba irin na tsofaffin 'yan kasuwa ba ne. Na zamani ne, mai ƙofar gilashi da mai gadi.

A bakin ƙofar ya tsaya ya tara 'ya'yansa. Ya ce, "Ku ji. In mun shiga, Turanci kawai. Kada in ji Hausa a bakin kowa."

Matarsa ta dube shi. "Maigida, Inna fa?"

Ya ce, "Inna ta ci abincinta kawai."

Ciki kuwa sai wanda ya gani. Sanyin na'ura, fitilu marasa ƙarfi, farin ƙyalle a kan kowane tebur, kiɗa yana tashi a hankali irin wanda suka saba ji a finafinan Indiya. Ta bayan wani gilashi ana ganin mai dafuwa yana manna ƙullun alkama a jikin tanderu. Wani saurayi dogo, baƙi, cikin farar riga, ya ja musu kujeru, ya miƙa takardar jerin abinci, ya gaishe su da Larabci. Mutumin ya amsa da Turanci, ya zaɓi abinci da murya irin ta wanda ya saba.

Aka fara kawowa cikin ƙananan tasoshin tagulla. Tsohuwa, wadda ba ta san an kafa doka ba, ko kuwa ta sani ta ƙi, sai ta shiga kiran kowane abu da sunansa. Ta ɗaga nan ta ce, "Ai wannan gurasa ce, ta tanderu, irin ta Jakara." Ta ɗanɗana jan naman kaza da aka gasa a tsinke ta ce tsire ne da ya yi makaranta. Ta gane kuɓewa ko da yake an soya ta ba yauƙi. Ta gane tsamiya a cikin ɗan romo mai zaƙi, ta gane kindirmo a cikin abin sha da suke kira lassi. A cikin shinkafar biryani ta tsinci kanumfari da kirfa ta jera su a gefen faranti. Yara suna ƙunshe dariya. Uban yana duban teburin da ke kusa, inda waɗansu manyan mutane suke zaune da matansu.

Sa'an nan ta ce, "To, a yi addu'a."

Ya sunkuya ya raɗa mata, "Inna, a nan kowa yakan yi tasa a zuci."

Ta ce, "A zuci aka dafa abincin?" Ta rufe idonta mai lafiya, gama ɗayan yana ɗaure da auduga, ta fara. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma rage ba. Ta gode wa Ubangiji domin hanya, da likita, da abinci. Ta roƙi albarka a kan waɗanda suka noma, da waɗanda suka dafa, da yaron nan da yake ta kai da kawowa a kansu, Allah ya kiyaye shi, ya sa uwarsa ta ci moriyarsa. Ta rufe cikin sunan Yesu Kristi.

Da suka buɗe ido, ga saurayin nan tsaye da tulun ruwa a hannu, bai motsa ba. Ashe tun tsakiyar addu'a ya iso, ya jira. Da ya zo zuba wa tsohuwa, hannunsa ya yi rawa, ruwa ya ɗan zuba a kan ƙyallen tebur. Mutumin ya sami inda zai sauke kunyarsa. Ya yi masa faɗa da Turanci, da murya mai ƙarfi yadda teburin kusa zai ji, cewa wuri mai tsada irin wannan bai kamata a sa wanda bai iya aiki ba. Saurayin ya ba da haƙuri, ya goge.

Can wajen ƙarshe, sa'ad da yake kwashe tasoshi, ya sunkuya kusa da tsohuwa ya ce a hankali, da Hausa, "Hajiya, na gode da addu'a. Amin."

Tsohuwa ta kama hannunsa. "Ɗana! Kai ɗan wane gari ne?"

Ya ce shi ɗan Gadarif ne, kakansa daga Haɗeja ya zo. Ya faɗi unguwarsu, ya ce uwarsa tana sayar da ƙosai a bakin tasha. Ya ce a wurin aikin nan ba wanda ya san shi Bahaushe ne. Sa'an nan ya juya wajen mutumin, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Baba, ashe ku namu ne? Ban taɓa jin an yi addu'ar Kirista da Hausa ba."

Mutumin ya ga mai kula da wurin yana dubansu daga nesa. Ya ga matar teburin kusa ta juyo. Sai ya amsa da Turanci, ya ce bai gane abin da yake faɗa ba, su mutanen Nijeriya ne, a kawo takardar kuɗi.

Saurayin ya yi shiru. Ya koma Larabci ya ce, "To, ranka ya daɗe." Kuɗin da aka biya a daren nan ya fi abin da mai yankan riɗi yake samu cikin kwanaki masu yawa, mutumin kuma ya ɗora tukuici mai kauri a kai, kamar kuɗi zai rufe abin da baki ya yi.

Kashegari a cikin bas tsohuwa ba ta ce masa kome ba har suka wuce Wad Madani. Da aka tsaya shan shayi, yara suka sauka da uwarsu, sai ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Kai, Bitrus ma bakinsa ne ya tone shi. Amma shi ana neman kashe Ubangijinsa ne. Kai me ake nema a yi maka?"

Ba shi da amsa. Mai karatu zai tuna labarin a cikin Matiyu sura 26. Bitrus yana zaune a farfajiyar babban firist, mutanen wurin suka gane shi ta irin maganarsa ta mutanen Galili. Domin ya tsere wa harshensa, sai ya yi musun Ubangijinsa. Abin lura kuma, wannan rauni bai rabu da shi gaba ɗaya ba. A cikin Galatiyawa sura 2 Bulus ya ba da labarin yadda Bitrus yake cin abinci tare da 'yan'uwa na al'ummai a Antakiya, amma da waɗansu manya suka zo daga Urushalima, sai ya janye daga teburin don tsoron abin da za su ce. Ba takobi a wurin, ba kurkuku. Idon mutane ne kawai. Bulus kuwa bai ɗauki abin ƙarami ba, ya tsauta masa a gaban kowa, domin ya ga gaskiyar bishara ce ake tauyewa a bakin akushi.

Mutumin ya daɗe yana gaya wa kansa cewa ɓoye harshe dabara ce ta zaman duniya, ba ta shafi bangaskiya ba. A daren nan ya ga saiwarsu ɗaya ce. Tsoron da ya sa ya hana 'ya'yansa Hausa, shi ne ya sa ya so a yi addu'a a zuci, shi ne kuma ya sa ya ƙi ɗan'uwansa. Shekaru yana roƙon Allah ya buɗe masa ƙofar shaida a Sudan. Ga saurayi ya zo da kansa, da tulu a hannu, yana mamakin jin sunan Yesu cikin harshen uwarsa, shi kuwa ya rufe ƙofar da Turanci. Zuwa gidan abinci mai tsada ba zunubi ba ne, faranta wa iyali rai kuma abu ne mai kyau. Laifin yana wurin abin da ya yarda ya bari a bakin ƙofa domin a bar shi ya zauna da manya.

Tsohuwa ba ta ƙara tayar da maganar ba. Amma zumunta a ƙafa take. Da idonta ya warke, ta sa jikarta ta raka ta bakin tasha, ta yi tambaya har ta sami mai ƙosan. Ta ce mata, "Na ga ɗanki a Hartum, yana lafiya, yaro ne mai ladabi." Daga ranar suka ƙulla. Wannan ta aika da daddawar da ta zo da ita daga gida, waccan ta aiko da kisra. Shi kuwa mutumin, kullum ya yi niyyar zuwa sai ya ce gobe.

Ranar Asabar, 15 ga Afrilu, 2023, cikin watan azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF. Cikin kwanaki kaɗan unguwannin masu hali suka zama kufai. Gwamnatin Indiya ta kwashe mutanenta ta Bur Sudan. Motoci suka riƙa isowa Gadarif cike da mutanen da a dā ake ja musu kujera, yanzu suna neman tabarma a makarantu da masallatai da majami'u. Bayan Ƙaramar Salla mai ƙosai ta aiko cewa ɗanta ya iso, da rigar jikinsa kaɗai.

A wannan karo mutumin bai ce gobe ba. Ya ɗauki buhun dawa a mota, ya tafi da iyalinsa duka. Gidan na kara ne da laka, irin bukkokin Gadarif masu tsinin kai. Ya yi sallama da Hausa. Saurayin ya fito, ya gane shi, ya tsaya.

Mutumin ya ce, "Ɗana, ranar nan na ji abin da ka ce. Duk na ji. Ƙarya na yi maka, na kuma ci mutuncinka a gaban mutane. Ka gafarta mini."

Saurayin ya daɗe yana duban ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Baba, ni ma shekara uku ina wurin nan ban yi Hausa ba sai ranar. Na san abin da ya kama ka. Amma ya yi mini zafi."

"Na sani."

"Ya wuce. Ku shigo."

Aka shimfiɗa tabarma. Mai ƙosai ta tuƙa tuwon dawa, wanda a can suke kira asida, da miyar busasshiyar kuɓewa. Maza suka kewaye kwano ɗaya, mata nasu. Masu gida suka yi bisimilla. Mutumin ya nemi izini ya yi addu'a, aka ce masa ya yi. Ya yi ta da Hausa, a fili, muryarsa tana rawa. Ya roƙi salama domin Sudan, da waɗanda suke kan hanya, da gidan nan da ya karɓe shi. Tsohuwa ce ta fi kowa ƙarfin amin.

Saurayin bai zama Kirista ba, ba kuwa wanda ya matsa masa. A watan Mayu iyalin suka bi ta Kasala zuwa Bur Sudan, aka kwaso su tare da sauran 'yan Nijeriya. Mutumin ya koma Dawanau. Idan waya ta samu sukan gaisa, saurayin kuma yakan ce a gaya wa Inna kada ta daina sa shi cikin addu'a. A Dawanau ma, in an tambayi mutumin ko shi wane yare ne, yanzu yakan ce shi Bahaushe ne, mai bin Yesu, ya ci gaba da murza riɗinsa.

A cikin Yahaya sura 21, sa'ad da Ubangiji ya so ya maido da Bitrus, a bakin abinci ya yi: garwashin wuta, da kifi, da gurasa, a gaɓar teku. Wanda ya fāɗi a wurin cin abinci, Allah yana da ikon tā da shi a wurin cin abinci. Amma 'yan'uwa da yawa a yau suna shiga wurare masu ƙofar gilashi, a Kano da Abuja da ƙasashen waje, ta wurin ilimi da aikin da Allah ya ba su. Bari kowa ya duba abin da yake ajiyewa a bakin ƙofa kafin ya shiga, ya kuma ɗaga ido ya dubi fuskar mai zuba masa ruwa. Ubangiji ya ba jama'arsa zuciyar da ba ta jin kunyar sunansa, ko harshen da aka fara koya musu addu'a da shi. Amin.